Mai Fiton da Ya Juyo daga Tsakiyar Kogi

An yi wani mutum a wani gari na bakin kogi, tun zamanin da ba a san gada ba. Sunansa Tanimu, sana'arsa fito, wato tsallakar da mutane kogi a kwalekwale. Wani bawan Allah ne wanda ba ya cikin masu faɗa a ji. Kwalekwalensa ya tsufa, faci kan faci, sai gwangwala guda da yake tura shi da ita. Matarsa Tsahare tana bandar kifi a bayan wani zana kusa da mashigin. Iyakar abin da suka mallaka ke nan.

To, ku saurara. Akwai wata mata da ke yawan bi ta wannan mashigi, ana ce mata Hajiya Balaraba. Mace mai jiki, mai fara'a, haƙorin Makka a baki, goro a jaka. In ta iso, kowa sai ya ci goronta. Ita ce ma ta sa aka kafa rumfar da masu fito ke shan inuwa. Kuma ba ta taɓa zuwa ita kaɗai ba. Yau 'yan mata biyu, bayan wata uku 'yan mata uku. Ta ce 'ya'yan 'yan'uwa ne, za a je biki a ƙetare.

Mai fito kuwa yana ganin masu tafiya, yana ganin masu dawowa. Tanimu ya lura Hajiya tana dawowa, 'yan mata ba sa dawowa. Abin ya tsaya masa a rai. Amma sai ya riƙa ce wa kansa, kai Tanimu, malamai sun hana mummunan zato, wa ya sani ko ta wani mashigin suke komawa? Ya haɗiye, ya ci gaba da tura jirginsa.

Ran nan da hantsi sai ga Hajiya da yarinya guda, ba za ta wuce shekara goma sha huɗu ba. Kanta a sunkuye, ƙullin kayanta bai fi curin fura ba. Suka shiga jirgin Tanimu, ya tura.

Ya ce, "Hajiya, yau kuma 'yar wa aka ɗauko?"

Ta ce, "Wannan tawa ce ta cikina. Ita ce 'yata ta fari." Sannan ta juya ta ce, "Delu, gyara zama. Delu, da ke nake."

Iyayenmu mata da ke can baya, na ga kuna kallon juna. Kun ji abin da Tanimu ya ji. A wancan zamani wace uwa ce za ta buɗe baki ta kira sunan 'yarta ta fari, gatsal, a gaban baƙon namiji, har sau biyu? Uwa sai dai ta ce "yarinyar nan", ta ce "wance", ta kau da kai. Ai ko cewa "tawa ce" nauyi yake yi mata. Tanimu ya girma bai taɓa jin sunan yayansa a bakin uwarsu ba.

Ya dubi yarinya ya ce, "'Yan mata, bikin wa za ku?"

Hajiya ta amsa, "Na 'yar ƙanwata."

Ya ce, "Wane gari ne naku, 'yan mata?"

Hajiya ta sake amsawa, wannan karon ba fara'a. Yarinya ba ta ɗago ba, amma ya ga hannun Hajiya ya sauka a cinyarta ya matse.

Suna tsakiyar kogi. Gaba ƙetare, kuma wanda ya taka ƙetare ya fita daga ikon garinsu. Tsoro ya kama Tanimu, tsoro na gaske. In ya yi kuskure, ya ci mutuncin babbar mace. In bai yi kuskure ba kuma ya yi shiru, da gwangwalarsa za a kai yarinyar nan inda ba a dawowa. Ya kafa gwangwala, ya juya kan jirgi.

Hajiya ta ce, "Malam, lafiya?"

Ya ce, "Lafiya lau. Za mu koma a yi tambaya."

Ta yi lallashi, ta yi zagi, ta ciro zoben hannunta ta miƙa masa. Da ya ga zoben, sai zatonsa ya ƙaru.

Da suka iso gaɓa, Hajiya ta fasa kuka, wai mai fito ya tsayar da su a tsakiyar ruwa yana yi wa 'yarta tambayoyin da ba su dace ba. Jama'a, ku ji yadda zato ke juyawa. Nan take aka bar mai goro aka koma kan mai faci. Wani ya ce dama shirun Tanimu ba na Allah ba ne. Wani ya ce yarinyar yake so. Aka kira Sarkin Ruwa, shugaban masu fito, ya zo ransa a ɓace.

Ya ce, "Tanimu, me ka gani?"

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ban ga komai ba. Ji na yi ta kira sunan 'yar fari. Abin da nake roƙo, a bar mata su tambayi yarinyar ba a gaban Hajiya ba."

Aka yi dariya. Sarkin Ruwa ya ce, "Kan wannan ka juyo? To na yarda a tambaya. Amma in 'yarta ce, ka ajiye gwangwala, ba ka ƙara fito a kogin nan."

Tanimu ya ce, "Na ji."

Tsahare ta kama hannun yarinya ta kai ta bayan zana. Ba ta tambaye ta komai ba. Ta ba ta kunu, ta zauna tana juya kifinta. Sai da kunu ya ƙare yarinya ta ce a hankali, "Inna, an sa na rantse. An ce in na yi magana uwata za ta mutu."

Tsahare ta ce, "Wace uwar? Ta bakin ruwa?"

Yarinya ta girgiza kai. Daga nan bakinta ya buɗe. Daga wani ƙauye aka ɗauko ta da sunan aikatau. Wata biyu tana kulle a wani gida, maza na shigowa. An gaya mata a ƙetare akwai wanda ya riga ya saye ta.

Kafin Tsahare ta fito da labari, Hajiya ta ce za ta kama ruwa, ta sulale ta shiga jirgin wani, ya tsallakar da ita. Ba a ƙara ganinta ba.

Kuna tsammani an gode wa Tanimu? Wasu sun gode. Wasu kuwa haushinsa suka ji, don goro ya yanke. Aka aika ƙauyen su Delu, bayan kwana shida ubanta ya zo. Ya ji duk abin da ya faru, ya zauna a ƙofar gidan Tanimu yana kallon ƙasa, Delu na tsaye jikin zana tana jira ya dube ta.

Ya ce, "Malam, na gode. Amma in na koma da ita, me mutanen gari za su ce? Tana da ƙanne mata."

Tanimu ya ji zafin maganar har cikin ƙashinsa, amma bai zage shi ba. Ya ce, "Ni nawa mutanen garin sun riga sun gama faɗin nasu. Bar ta a nan. Ranar da zuciyarka ta yi ƙarfi, ka san gidan."

Uban ya tashi ya tafi bai waiwaya ba. Delu ta bi shi da kallo har ya ɓace. Tsahare ta dafa kafaɗarta ta ce, "Shigo, 'yata, rana ta yi zafi." A gidan ta girma, ta koyi banda, kuma ba a taɓa yi mata gorin abin da ya same ta ba.

Jama'a, darasin a fili yake. Zaton da aka hana mu shi ne wanda za ka riƙe a ciki ka yi ta yaɗawa a bayan mutum. Wanda zai sa ka tsaya ka yi tambaya don ceton 'yar wani, wannan aikin lada ne. Yau ba kwalekwale, amma akwai tasha, akwai mota, akwai masu zuwa gidajenku da daɗin baki, wai za a samo wa yarinya aiki a birni ko a ƙasar waje. Direba, ka tambaya. Mai unguwa, ka tambaya. Uba, ka tambaya kafin ka miƙa. In kuma Allah ya dawo da wadda aka cuta, ku buɗe mata ƙofa, ku rufe bakinku. Ba ita ta yi laifi ba. Mai laifi shi ne wanda ya sayar, da wanda ya saya, da wanda ya gani ya yi shiru. Allah ya tsare mana 'ya'yanmu, ya hana mu zama cikin masu shirun.