Mai Auna Wuta da Harshe

Akwai wani mai gyaran rediyo da ake ce wa Mai Harshe. Kullum cika bakinsa ɗaya ne: "Mita ta 'yan koyo ce. Ni in na lasa waya, zan faɗa maka ƙarfin wutar da ke cikinta."

Jama'a, ƙarya ce tsagwaronta. Mitarsa na ƙarƙashin tebur. Sai ya sunkuya kamar zai sosa ƙafa, ya auna, ya kashe soket da babban yatsa, sannan ya lasa wayar da ba wuta, ya lumshe ido kamar mai ɗanɗana miya.

Yana da ƙanwa, Auta, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da yara uku da ɗan injin ƙyanƙyasar ƙwai. Kajin da take sa ran samu su ne abincin gidan.

Saura kwana kaɗan ƙwai su fashe, adaftar da ke ba injin wuta ta mutu. Mai Harshe ya samo wata ta gwanjo, irin mai ɗan sukuru a ciki, in ka murɗa shi, wuta ta ƙaru ko ta ragu. Injin wuta mai ƙarfin sha biyu a ma'aunin mita yake so, ba ƙari.

Sai da ya isa gidan ya tuna ya bar mita a shago. Ga maƙwabta sun cika tsakar gida, an zo kallon harshe.

Auta ta ce, "Yaya, ko a aro mita? Ƙwan nan su ke nan gare ni."

"Ke, yaushe raini ya shiga tsakaninmu? Ni na goya ki fa!"

Ya lasa. Karo na farko a rayuwarsa da wuta ta gaske ta gaisa da harshensa. Ido ya kawo ruwa. Ya daure ya ce, "Ta ɗan yi ƙasa." Ya murɗa sukuru, ya ƙara murɗawa. Aka tafa masa.

Washegari wari ya tashi mutanen gidan. Fankar injin ta ƙone, zafi ya taru a ciki. Auta ta fasa ƙwai ɗaya. Ga ɗan tsako har da gashinsa da baki, a dafe. Ta fasa na biyu, haka. Ba ta fasa na uku ba.

Maƙwabta suka sake taruwa. Mai Harshe yana ta faɗa: "Kayan gwanjo ba amana! Ni dai harshena sha biyu ya ji."

Sai ga matarsa da leda a hannu, ba ta ma san abin da ya faru ba.

"Maigida, ga abin nan da kake leƙawa ƙarƙashin tebur kafin ka lasa waya. Na ce kar aikin Auta ya ɓaci."

Wani maƙwabci ya karɓi mitar, ya ɗora a kan adafta, ya juyo da ita kowa ya gani. Sha tara.

Auta ba ta ɗaga murya ba. Ta miƙa masa tiren ƙwan ta ce, "Yaya, kai za ka faɗa wa yaran. Tun jiya suke raɗa wa 'yan tsakin suna."

Darasi: "Ban sani ba, bari in auna" ba ta taɓa kashe kowa ba. Kunyar minti ɗaya da ka guje wa, wani ne zai biya ta da abincin 'ya'yansa. Kuma don Allah a bar lasar waya. Ku tura wa duk wani Mai Harshe da kuka sani.