Ranar da Waziri Ya Raba Rijiyoyin Rini

Na rantse da wanda ya halicce ni, ba za ku yarda da wannan labari ba. Ni kaina, da duk unguwarmu aka sallama mini wajen shirya zance, ban isa in ƙago shi ba. To, ku gyara zama.

A zamanin da, an yi wani sarki wanda garinsa ya yi suna wajen rini. Daga bakin hamada har bakin teku, in an ga baƙin rawani yana ƙyalli kamar fiffiken hankaka, ba a tambayar inda aka rina shi. Ana nan, wata rana madugun fatake ya shigo fada, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya kwance wani ƙunshi a gaban Sarki. Rawuna ne, duk sun koɗe sun koma ruwan toka.

Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, rana kawai suka sha a hanya. Mutanen arewa sun ce in mayar wa mai su. In haka rinin garinka ya koma, baɗi raƙumanmu wata ƙofa za su nufa."

Kunya ta rufe Sarki. Ya ce lalle a nemo masa dalili.

Dalili kuwa yana zaune a damansa, ya sha alkyabba. Waziri Jatau ke nan. A shekarar yunwa ya bi marina ɗaya bayan ɗaya, yana ba da damin gero yana karɓar rijiya, har ya zamana babu rijiyar rini a karofi, wato filin da ake rini, da ba tasa ba. Masu abu suka koma 'yan ƙwadago a bakin ramukan da kakanninsu suka haƙa. Ya rage musu ganyen baba da ake zubawa, ya ƙara yawan kayan da ake tsomawa. Su kuma, da yake ko rini ya yi kyau ko ya ɓaci ladansu ɗaya ne, suka daina motsa rijiya da zuciya ɗaya.

Amma sai Waziri ya ce, "Zaki, lalacin marina ne. A bar ni da su." Ya sa dogarai suka kamo wanda ya fi tsufa a cikinsu, wani dattijo mai suna Cindo, aka zane shi a tsakiyar kasuwa. Tsoho ya kwanta, bai sake tashi ba.

Cindo yana da ɗa, Nomau, wanda ya gudu daga karatu tun bai yi nisa ba, ya gudu daga rini, bai riƙe komai ba sai tsokana. Shi ne ya taɓa sayar wa wani mahauci akuyarsa ta kansa, har mahaucin yana godiya. Ranar da aka rufe tsoho, ba wanda ya ga hawayensa. Da aka watse ya dafa ƙasar kabarin ya ce, "Baba, ba zan kashe shi ba, mutuwa hutu ce. Abin da ya ƙwace, da hannunsa zai mayar, yana murmushi."

To, garin yana da wata al'ada tun ta kaka da kakanni. In mai rijiya ya ɗauki muciya, wato sandar da ake motsa rini, ya miƙa wa wani a gaban shaidu ya ce "taka ce", rijiya ta fita hannunsa har abada. Ko alƙali ba ya warware wannan.

Nomau ya ari riga, ya nufi zauren Waziri. Bai ji tsoron a gane shi ba, don Waziri bai taɓa kallon fuskar talaka ba.

"Ranka ya daɗe, ni ke kai wa dawakin Sarki ciyawa. Na ji abin da ya hana ni cin tuwo."

"Faɗi, kada ka cinye mini yini."

"Sarki ya rantse ran Alhamis zai zo karofi da kansa. Za a tsoma farin ƙyalle a kowace rijiya. Wadda ba ta kama ba, za a ɗaure mai ita, a kwashe gidansa har tabarma. Mai ita fa aka ce, ranka ya daɗe, ba mai aiki ba."

Gumi ya keto wa Waziri, don ya san ko ɗaya ba za ta kama ba. Ya ce, "Kai, mene ne abin yi?"

Nomau ya sosa ƙeya. "Ni wa, da zan ba Waziri shawara? Sai dai da ni ne, da na miƙa wa matsiyatan nan muciyoyi. Su sha ɗauri. In ƙura ta lafa, wane ne a cikinsu zai iya ɗaga ido ya ce maka a'a?"

Waziri ya yi dariya har rawani ya goce. Ya ce a ba Nomau goro.

Daga nan Nomau ya zarce fada, ya faɗi a gaban Sarki. "Zaki, Waziri zai yi wata sadaka ran Alhamis a karofi, irin wadda ba a taɓa gani ba. Kunya ce ta hana shi gaya maka. Na ga bai dace a yi ta ba ka nan ba."

Ran Alhamis Waziri ya yi sammako, ya tara liman da dattawa. Yana ɗaukar muciya yana cusa wa marini a hannu, "Taka ce! Kai ma, taka ce! Karɓi mana, me kake kallo?" Marina suka yi tsuru-tsuru. Nomau ya kutsa cikin layi, ya karɓi ta ubansa. Yana karɓa sai ga Sarki da madugu da jama'a.

Sarki ya ce, "Waziri, rijiyoyin nan na wane ne?"

"Nasu ne, Zaki! Wallahi ko ɗaya ba ni da ita. Ga liman, shaida ne."

Sarki ya yi murna ƙwarai. "Madalla da Waziri! Liman, a sa albarka."

Aka shafa fatiha. Sarki ya juya zai tafi. Waziri ya duba, babu farin ƙyalle, babu igiya. Ya ce, "Zaki, ɗaurin fa?"

"Wane ɗauri?"

"Na masu rijiyar da ba ta kama ba! Ai don shi na..." Sai ya kama bakinsa, amma magana ta riga ta fita. Ya hango Nomau yana jingine da muciya yana tauna goron da ya ba shi. Ya daka tsawa, "Wancan ne! Wancan ɗan banzan ne ya ce ka rantse!"

Nomau ya matso, ya durƙusa. "Ni ne, Zaki. Ni ne ɗan Cindo, wanda aka zane a kasuwa saboda rinin da ba shi ya ɓata ba." Ya juya ga Waziri. "Yau ka kalli fuskata, ranka ya daɗe?"

Sarki ya sa marina suka matso, ya tambaye su. Da ya gama jin komai daga bakin marina, sai ya ce, "Ashe gari guda na bar wa mutum ɗaya, ina mamakin koɗewar rawani. Wanda ba shi da komai a rijiya, don me zai ba ta ƙarfinsa? Kyauta ta tabbata. Daga yau, kada wanda ya haɗa rijiya biyu alhali maƙwabcinsa yana ƙwadago. Haka masaƙa, haka majema. Madugu, ka kai wannan labari duk ƙasar da raƙumanka suka taka."

Madugu ya ce, "Zan kai, Zaki. Akwai garuruwa da yawa masu irin wazirin nan."

Aka tuɓe wa Jatau alkyabba, aka biya diyyar Cindo daga gidansa. Sarki ya ce a ba shi wata tsohuwar rijiya da ke ƙarshen karofi, ya ci da guminsa kamar kowa.

Nomau ya fara zamewa ta bayan jama'a, sai Sarki ya ce, "Ina za ka? Ka rantse da bakina, ni ban sani ba. Dogarai, ku kwantar da shi. In ya warke, shi zai koya wa Jatau rini, har ranar da ƙyallensa ya kama."

Aka kwantar da Nomau a bakin rijiyar ubansa. Bulala ta sauka, ya gantsare, ta sake sauka. Ya ɗago kai, hawaye da dariya a haɗe, ya hango sabon almajirinsa yana juya muciya kamar mai riƙe da maciji.

Ya ƙwala masa kira, "Jatau! Ba haka ake riƙewa ba! Bari su gama da ni, ina zuwa. Ni kuwa ba na koyarwa da sauri!"