Sarkin da Ya Tare Babu Maƙwabci

Sallau, Lantana, Inuwa, ku ajiye ɗaurin kayan nan ku zo, ba guduwa za su yi ba. Na san ɗoki kuke yi, ni ma ina yi. Tun ranar da kuka kai ni na ga ɗakina a sabon gidan, ƙofarsa tana kallon gabas, ga wurin murhu, ga inda zan ɗaure awakina, bakina bai rufu ba. Allah ya yi muku albarka. Amma na ji Malam Gambo da muka haɗa katanga da shi a sabon gidan ya zo ya ce indararonmu yana zuba a gindin ɗakinsa na ƙasa, kai kuma Sallau ka ce masa ya je ya yi siminti. Ba zan tare a kan wannan magana ba. Ku zauna ku ji.

An ce wani sarki ya gaji da gidan da ya gada saboda ƙunci da hayaniyar unguwa, ya sa aka gina masa sabo. Da gini ya kammala, waziri ya ba da shawara a tashi gidajen da ke kewaye, domin a riƙa hango gidan tun daga nesa. Aka kwashe mutanen aka kai su ƙetaren rafi.

Ranar tarewa sarki ya zama kamar yaro. Ya buɗe wannan ƙofa ya rufe, ya sa a juya gado, ya sake cewa a mayar. Ya aika aka ɗauko tsohuwar randar mahaifiyarsa, shi da kansa ya nuna inda za a kafa ta. Aka turare ɗakuna, aka yi shimfiɗa. Sa'an nan ya hana a hura wuta, domin a garinsu wanda ya tare ba ya girki ranar, maƙwabta ne ke ciyar da shi, kuma ya rantse sai ya ci wannan tuwon kamar kowa. Ya zauna a zaure yana leƙen hanya. Azahar ta wuce, la'asar ta wuce, ko ƙwarya ɗaya ba ta shigo ba.

Daga ranar gidan ya ƙi karɓarsa. Idan ya ce a koma gida, tsohon gidan yake nufi. Da abin ya dame shi, ya sa aka kira wani tsohon malami da ake jin shawararsa a garin, ya zaga da shi ko'ina, ya ce ya faɗa masa abin da magina suka manta.

Malamin ya ce magina sun gama nasu. Ya ce, "Ya sarki, wa ke gabas da kai?"

Sarki ya ce fili.

"Yamma fa?"

Sarki ya ce nan ma fili ne, kuma ya yi kyau.

Malamin ya ce, "Ya yi kyau ƙwarai. Sai dai fili ba ya tuƙa tuwo. Ya sarki, zango ka sauka, ba ka tare ba tukuna."

Sarki ya ce in tuwo ne wannan mai sauƙi ne. Aka yi shela kowane gida ya kawo akushi. Kafin rana ta faɗi zaure ya cika, ga shinkafa, ga kaji, ga zuma. Sarki yana murna ya ce malamin ya duba. Tsohon ya ɗaga murfi ɗaya ya mayar, ya ce wannan ba tuwon maƙwabta ba ne, haraji ne aka dafa. Fuskar sarki ta canza, waziri ya fara gyaran murya, amma malamin bai fasa ba. Ya ce sarki ya dawo da mutanen da ya tasa, ya jira, kada ya roƙi kowa komai.

Sarki ya haɗiye fushinsa ya yi hakan. Aka mayar wa kowa wurinsa, aka taya su gini, hayaƙi ya sake tashi a bayan katanga. Aka ɗauki lokaci babu wanda ya leƙo, ana gaishe shi daga nesa. Sai wata safiya aka ji hayaniya a ƙofa. Wata tsohuwa ce, hannunta babu akushi, sai igiyar ragon sarki da ta jawo. Dogarai suka tare ta, ta ƙi komawa. Da aka shigo da ita ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, ragonka ya cinye mini shanyar gero. Ko ka ɗaure abinka, ko ka ciyar da jikokina."

Waziri ya miƙe zai tsawata mata. Sarki ya dakatar da shi, ya yi dariya har rawaninsa ya karkace, ya dubi malamin ya ce, "Na yi maƙwabciya." Ya ba ta haƙuri a gaban jama'a, ya sa aka auna mata geronta, aka kafa wa rago turke. Da yamma ta aiko da dambu a ƙwarya mai ɗinki. Sarki ya cinye tas, ya ce ta riƙa rage yaji. Ta aiko a faɗa masa haka take yin nata.

Malamin ya ce, "Ya sarki, wanda bai ji tsoron kawo maka ƙara ba, shi ke kawo maka abinci da zuciya ɗaya. Adalcin mai mulki daga bayan katangarsa yake farawa."

To, kun ji. Mu ba mu ma shiga ba Allah ya ba mu wanda ya zo har ƙofa ya faɗa mana gaskiya, maimakon ya tafi wurin mai unguwa. Ni murna na yi. Sallau, kai ka yi maganar, kai za ka janye ta. Inuwa, ka nemo magini a juya indararon nan ya zubo ta cikin gidanmu. Lantana, ki bi su ki gaida matarsa, ki gano mini ko tana da surutu, domin ni ina so. Ku je ku kashe maganar nan yau, damina ba ta jiran kowa.