Gyartai da Jirgin Baƙo

An yi wani mutum a wani gari, bawan Allah, ana kiransa Cindo. Gyartai ne, mai ɗinkin fasasshiyar ƙwarya. Ba shi da komai sai basilla da wuƙa da haƙuri. Ku saurara da kyau, don wasunku na cikin labarin nan ko da ban kira suna ba.

A garin akwai wani baƙo, malamin gona, Malam Hashimu. Yana da ɗan jirgin sama na wasa, na farin soson nan mara nauyi da ake tallafe sabon rediyo da shi a kwali. Da la'asar sai ya fita bayan gari da rimot, jirgi ya yi ta shawagi. To, kun san halinmu. Wani ya ce, "Anya babu ido a cikin abin nan?" Kafin Juma'a ta zagayo, gari ya ɗauka cewa baƙo na leƙen matan mutane ta sama.

Rannan iska ta kwashi jirgin ta maka shi a tsakar gidan Cindo, dab da inda matarsa ke tankaɗe. Fiffike ya karye, hanci ya lotse. Kada ku ɗauka Cindo waliyyi ne. Shi ma zuciyarsa ta ce masa, "Duk gidajen garin nan, me ya sa sai nawa?"

Kafin ka ce kwabo ƙofar gida ta cika. Sallau mahauci ya ɗaga murya, "A ƙone shi! Mai shi kuma ya tattara ya bar mana gari!"

Cindo ya ce, "Haba Sallau, ko akuya ai ba ka saye sai ka shafa ta. Mu buɗe cikin. In da ido, ni zan ƙyasta ashana."

Ya sa wuƙa ya farke cikin jirgi a gaban kowa. Batir ne da 'yan wayoyi, sai ɗan inji mai juya farfela. Babu ido, jama'a, babu ido! Kuna tsammani wani ya ce astagfirullah? Ina! Sallau ya ce, "Ai baƙon ya riga ya cire," aka watse.

Aka bar Cindo da tarkace, kunya ta rufe shi. Iska ce ta karya fiffike, amma ciki wuƙarsa ce ta farke shi. Sai ya zauna gyara. Ya ɗiga gam mai ƙarfi a wani ɓallin soso, ya ga yana cinye shi, sai ya roƙo farin gam wajen kafinta. Ya soka tsinken tsire cikin fiffike ya haɗa karayar. Ya tsoma hancin a ruwan zafi har lotsawar ta taso.

Yana wannan aiki, zaton mutane ya juyo kansa. Ana ta cewa, "Da ma bakinsu ɗaya da baƙon." Mata suka daina aiko masa da ƙwarya. Matarsa ta ce, "Malam, ka rabu da abin nan, kada mu kwana da yunwa."

Ya ce, "Hannuna ne ya yanka, hannuna zai haɗa."

Da gam ya bushe ya ɗauki jirgi ya nufi gidan baƙo, ya tarar yana ɗaure kaya zai bar gari. Hashimu ya amsa sallama a daƙile. Ya juya jirgin, ya girgiza shi kusa da kunne, ya ce, "Baba, wa ya aiko ka? Me kuka cusa mini a ciki?"

Wallahi maganar ta yi wa Cindo ciwo. Amma ya haɗiye, ya zaro wuƙarsa ya miƙa masa. "Ɗana, kana da gaskiya, mu muka koya maka. Farke ka duba. Gobe in sake haɗa maka."

Hashimu ya riƙe wuƙa, ya dubi aikin, ya dubi tsoho, idonsa ya kawo ruwa. Bai farke jirgin ba. Igiyar da ya ɗaure kayansa da ita ya yanke.

'Yan uwa, zato zunubi ne, kuma yana yaɗuwa: ka zargi mutum yau, gobe ya kasa yarda da kowa. Mu nawa ne a nan muka farke mutuncin maƙwabci da baki, gaskiya ta fito, muka kaɗe riga muka yi gaba? Wanda ka ɓata yana nan da rai, ka kuma san ƙofar gidansa. Tashi ka je ka gyara tun kafin ya gama ɗaure kaya. Allah Ya tsare zukatanmu.