Shukar da Aka Koya wa Ƙishi

Ga ta nan, ga ta nanku, har da masu gyangyaɗi.

Ta zo mu ji ta, Kaka, idonmu biyu.

An yi wata tsohuwa, Kyallu, gidanta tsakuwa ce zalla, ko ciyawa ba ta fitowa. Amma a tsakar gidan akwai wata 'yar shuka ta ado, ba ta wuce akushi ba, ganyenta masu kauri, shuɗi-shuɗi, kowanne da baƙar ƙaya a tsini. Sai wata ya tsaya take ba ta ruwa, ludayi guda.

Maƙwabcinta Jatau shi kaɗai ke da rijiya a garin, ga shi da son a sani. Ya roƙi 'yar da ta tsiro a gindin shukar, tsohuwa ta hana, ta ce hannunsa ya faye ruwa. Ɗan banza sai ya ce mata akuyarta ta tsinke. Tana fita nema, ya tumɓuke 'yar ya gudu.

Ya dasa, ya kwara mata tulu guda, wai don tasa ta fi ta tsohuwa girma. Ƙasa ta shanye. Sai ya ji 'yar siririyar murya daga cikin ganye: "Jatau, ƙara."

Ya ƙara yana dariya, har randa ta ƙare.

"Jatau, ƙara."

Ya yi ta jan guga har guga ya fara dawowa da yashi. Mata suka zo ɗiban ruwa suka koma da tuluna wayam. Ke Ladi, daina mutsu-mutsu, ba a zo wurin ba tukuna. Washegari nonon awakinsa ma ya ƙafe.

Tsoro ya kama shi. Ya ruga wurin Kyallu yana Inna ki cece ni. Ta ce ita dai tata ba ta taɓa magana ba, ta ja ƙyaurenta.

Ya dawo da fartanya zai sare shukar, ƙaya ta cake shi a yatsa ta ƙi fita. Yawunsa ya ƙafe. Ya so kuka, babu hawaye. Da ƙyar ya ce, "Me na yi miki?"

Ta ce, "Ban san ƙishi ba sai da ka koya mini. Jatau, ƙara."

Da mata suka leƙo, sai riga da hula a ƙasa, da wani abu a ciki busasshe kamar kilishi.

To, kun ji. Abin da kuka tarar yana zaman lafiya da kaɗan, kada ku koya masa yawa. Ƙurunƙus, ɓera ya tafi da kan. Mai jin ƙishi ya kurɓa kaɗan ya kwanta.