Ranar da Na Karanta da Muryar Bahijja

"Kwaikwayona kika yi, Ladi," Bahijja ta ce cikin raɗa, domin muryarta ta dishe.

"Koyi na yi da ke. Ke kika roƙe ni."

"Rufe min baki, ba na son jin kaina yana yi min gardama."

A soron Malam muke wannan cacar, a Koki, kuma duk mai wucewa zai rantse Bahijja ce take amsa wa kanta, don da muryarta nake magana.

Malaminmu, Allah Ya ƙara masa yarda, kogi ne a Larabci da fiƙihu, mai tsentseni da yawan azumi, wanda idan ɗalibi ya ce "haƙuri" a inda "juriya" ta dace, sai ya tsayar da darasi har a raba su. Mu mata a bayan labule muke zama, Bahijja 'yar Gwaggo Uwa ce mai ja masa baƙi, wato ta karanto nassi shi ya fassara. Ni kuwa abin da Allah Ya ba ni shi ne ɗaukar murya, tun daga ladanin unguwa har mai tallan awara.

Da mura ta kama Bahijja, sai ta ji tsoron kada a ba wata gurbinta, ta ce in zauna a wurinta. Na karanta da muryarta, har 'yar rawar nan da take yi a ƙarshen aya. Malam ya ce, "Madalla da muryar Bahijja."

Maƙogwarona ya yi aikin, yabo ya tafi gidansu. Na fito zan yi ƙorafi, sai na ji ƙorafin ma da muryarta ya fita. Na yi tari, na sha ruwan ɗumi, na gwada ta ladan, babu, tawa ma ta ƙi dawowa. Na yi sallama a gida, mahaifiyata ta ce daga ɗaki, "Shigo 'yar albarka, Ladi ba ta nan." Ni ba ta taɓa kirana haka ba. Ita kuma Bahijja murar ta warke sarai amma murya ta ƙi dawowa, Gwaggo Uwa tana ta ɗura mata zuma da citta.

Shi ya sa Gwaggo ta tasa mu gaba zuwa soron. Malam, Shehinmu, Allah Ya jiɓinci lamarinsa, ya bar mu muka gaji da cacar, sannan ya yi magana a hankali.

"Mai koyi yana son irin abin da ɗan'uwansa ya samu. Mai kwaikwayo wani lokaci abin kansa yake so. Ladi, irin gurbinta kike so, ko gurbinta?"

Na shirya in ce "irinsa", har na gyara zama. Harshena ya ƙi.

"Nata nake so, Allah gafarta Malam."

Da muryata ya fito, 'yar siririyar nan mai kama da ƙofar langa-langa. A take Bahijja ta yi gyaran murya ta ce "Alhamdu lillahi", garau, har da rawar.

"To nata nata ne," in ji Malam. "Gobe Bahijja za ta ja baƙi. Ke ki zauna kusa da ita."

Ina nan kusa da ita har yau, kuma idan ya ce madalla nakan yi saurin yin istigfari a zuciyata. Tsarki ya tabbata ga Wanda Yake sanar da bayinSa salihai abin da yake bayan labule da abin da yake bayan magana. Allah Ya ja kwanan Malam, Ya ba mu albarkacinsa, Ya ba ni irin nata, irin nata kawai.

Haka na roƙa a ranar ma, aka shafa. Sai Gwaggo Uwa ta matso jikin labule.

"Allah gafarta Malam, to zumar nan da na yi ta ba Bahijja, ashe Ladi ya kamata ta sha?"