Sarkin da Ya Ari Idon Tsohuwa

An ce wani sarki ya yi zamani a wata ƙasa ta gabas, mai gaskiya, mai tsoron Allah. Al'adar ƙasar kuwa, ba a zartar da hukuncin alƙali sai sarki ya karɓi takardar da hannunsa, ya karanta ta da bakinsa a gaban wanda ake tuhuma. Abin da ya fito daga bakin sarki, shi ne hukunci.

Da sarkin nan ya doshi hamsin, sai idonsa ya fara yi masa rowa. Daga kan soro yana gane mahayi tun yana bakin ganuwa, amma in ya buɗe Alƙur'aninsa, sai baƙaƙe da wasula su cuɗe kamar tururuwa. Ya daina tilawar da ya saba bayan asuba. Farce sai an yanke masa. In an kawo kifi ya ce ba ya marmari, alhali ƙaya yake tsoro. Wanda ya ɗanɗani zaƙin karatu kuma aka karɓe masa, shi kaɗai ya san irin wannan maraici.

Kunya ta hana shi faɗa wa kowa sai magatakarda. Kullum da safe magatakarda ya karanta masa takardu a asirce, ya haddace. A fada kuma ya riƙe takarda dab da fuska, ya biya hadda, jama'a na zaton karatu yake.

Wata rana aka zo da takardu biyu. Ɗaya ta wanke wani marini mai suna Haladu, wanda aka ce ya ɓata rijiyar unguwa da ruwan baba, shaidu suka ƙaryata. Ɗayar ta kori wani ɓarawon shanu daga ƙasar har abada. Aka gurfanar da Haladu, magatakarda ya miƙa takardarsa. Sarki kuwa hadda ta sarƙe masa, ya ce, "An kori wannan mutum, kada rana ta faɗi yana cikin garin nan."

Magatakarda ya sunkuyar da kai, don in ya yi magana ya tona asirin ubangidansa.

Dogarai sun kama Haladu ke nan, sai wata tsohuwa ta durƙusa. Tasalla ce, mahaifiyarsa, mai ɗinkin hula. Ta ce, "Ya sarki, Allah ya ja zamaninka. Kafin a raba ni da ɗana, a bar ni in yi tambaya biyu."

Sarki ya ce, "Yi, Iya."

Ta ce, "Wane baƙo ne ke sauka gidan kowa bayan arba'in, ba sallama, ya bar maka dutsen nesa, ya ɗauke maka kafar allura?"

Sarki ya duba, ya ga ba takardar take kallo ba, idonsa take kallo. Ya gane cewa ta lura ƙwayar idonsa ba ta bin layi. Ya daure ya ce, "Na san shi. Raunin gani ne, ɗan aiken tsufa."

Ta ce, "To wanda baƙon nan ya sauka gidansa, ya ɓoye shi a ƙurya, wa ke ciyar da shi?"

Ya ce, "Mai gidan mana."

Ta ce, "A'a, ya sarki. Maƙwabta ne, ba su ma san an yi baƙo ba."

Duk fada ba wanda ya fahimci inda zancen ya dosa sai sarki da magatakarda. Tsohuwa ta rufa masa asiri, ta bar masa zaɓi. Yana iya cewa a fitar da ita, girmansa na nan. Ya dubi Haladu, hannuwansa sun yi shuɗi da rini, ya tuna akwai ranar da shi ma za a miƙa masa tasa takardar.

Sai ya ɗaga murya ya ce, "Ya ku jama'a, baƙon nan a gidana yake. Shekara uku ke nan ban karanta harafi ɗaya a zauren nan ba. Hadda nake biya muku."

Tasalla ta kwance bakin zanenta, ta fito da tabarau, an ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Ta ce, "Marigayi maigidana ya zo mini da shi daga Masar, a hanyar hajji. Da shi nake zura zare har yau. A gwada."

Sarki ya ɗora shi a kan hanci, ya dubi takarda. Sai ga haruffa sun tsaya cak, kowane da ɗigonsa, kamar 'yan uwa da suka dawo daga doguwar tafiya. Ya ce, "Alhamdu lillahi." Sannan ya karanta a hankali, yatsa na bin layi: "An wanke Haladu marini, babu laifi a kansa."

Dogarai suka sake shi, ya faɗa jikin uwarsa. Fada ta ɗauki kabbara. Sarki kuwa ya kasa cire tabarau, yana ta duban zanen tafin hannunsa.

Tasalla ta ce, "Ranka ya daɗe, aro ne fa. Ina da hular da ban gama ba."

Sarki ya yi dariyar da ya daɗe bai yi ba, ya miƙa mata da hannu biyu. A ranar ya sa aka sake duba duk hukuncin shekaru ukun nan, ya kuma aika Masar a zo da masu yin tabarau, domin maɗinka da masu rubutu da suka ajiye sana'a su koma bakin aiki.

Ya ce wa fadawansa, "Ku riƙe wannan daga gare ni: raunin da sarki ya ɓoye, talaka ke ɗaukar nauyinsa. Adalci ba ya jin kunyar aron ido."